Darasi na 14: Jirgin da ba shi da inji

Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa a unguwa mai tudu ya san abu biyu. Hawa da gumi ake yin sa. A gangara kuwa kura ce ke jan mai ita, sai ya turje da dugadugansa kada ta ƙwace masa. Darasin yau a kan wannan sani aka gina shi, sai dai za mu bar unguwa mu tafi tsakiyar Ingila, inda mutane ke biyan kuɗi, su bi dogon layi, don a ɗora su a kan wata irin kura a sako su daga sama.

Turawan Ingila da na Amurka suna kiran abin rola-kosta. A wannan littafi za mu ce masa jirgin gangara. Wasu ƙananan taragai ne masu kujeru, suna bin layin dogo na ƙarfe ko na katako wanda ke hawa, ya sauka, ya karkace, wani lokaci har ya kifa mutane kai ƙasa ƙafa sama, sannan ya dawo da su inda suka hau. Ba ya kai kowa wani gari. A manyan wuraren shaƙatawa ake kafa shi, kuma tsoro ne hajar da ake sayarwa a kansa.

Bakin rami

A gundumar Staffordshire ta Ingila akwai wani wurin shaƙatawa mai suna Alton Towers. A watan Maris na 1998 aka buɗe wani jirgin gangara a can, aka sa masa suna Oblivion. Wani kamfanin ƙasar Suwizalan, Bolliger & Mabillard, shi ya ƙera shi. Taragonsa faffaɗa ne: sahu biyu, kowane sahu mutum takwas. In an zauna sai a sauko da wani kauri mai kama da baka ta saman kafaɗu, ya danne ƙirji ya kulle. Ma'aikaci ya bi kujera-kujera yana jijjiga shi da hannu.

Daga nan sarƙa ta kama taragon ta ƙasa, ta fara jansa sama a hankali. Ana jin wata ƙara, kas-kas-kas, har a kai ƙololuwa. Ku riƙe wannan ƙara a ranku, za mu dawo kanta. A can sama taragon yakan yi 'yar kwana, ya matso bakin gangara, ya sunkuya da hancinsa, sai kuma ya tsaya cak. Mutum goma sha shida na rataye, fuska na kallon ƙasa, abin da ke gabansu baƙin rami ne. Kusan daƙiƙa uku ake barin su a haka. Sannan a saki.

Faɗuwar ta kai kimanin mita 55, wato ya fi tsawon bene mai hawa goma sha biyar, kuma mafi yawanta a ƙarƙashin ƙasa take. Dalili kuwa shi ne hukumar yankin ba ta yarda gine-ginen wurin su zarce tsawon itatuwan da ke kewaye da shi ba. Da aka hana su sama, sai suka haƙa ƙasa. Karkatar gangarar ta ɗan haura digiri 87. Don ku gane wannan lamba: shimfiɗaɗɗiyar ƙasa digiri 0 ce, bangon ɗaki a tsaye digiri 90. Ke nan abin da ya raba gangarar da bango bai kai digiri uku ba. A gindin ramin taragon na gudun kusan kilomita 109 a awa. Tafiyar gaba ɗaya, da hawan da saukar, ba ta cika minti ɗaya da rabi ba.

A ganina, daƙiƙu ukun nan na tsayuwa su ne mafi wayo a duk aikin. Ba su ƙara wa jirgin gudu ko kaɗan ba, hasali ma sun rage masa, tunda sun kashe ɗan saurin da ya zo da shi. Amfaninsu ɗaya ne: su ba mutum lokacin da zai ga abin da zai faɗa ciki, ya kuma tuna ba shi da hanyar fasawa.

Ina injin yake?

Babu. Taragon ba shi da inji, ba shi da direba, ba ya shan mai. Injin da ke wurin yana ƙasa, aikinsa juya sarƙa kawai, kuma da zarar an kai ƙololuwa aikinsa ya ƙare. Duk gudun da ya biyo baya daga tudun ya fito.

Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta. Shi ya sa guga ke faɗawa rijiya da kansa amma sai an sa ƙarfi kafin ya fito. Ƙarfin da aka sa wajen ɗaga abu sama ba ya ɓacewa. Yana nan ajiye a cikin abin, kamar kuɗi a asusu. Masana kimiyya suna kiransa ƙarfin ajiya. In an saki abin, ajiyar ta fara komawa gudu, wato ƙarfin motsi. Sarƙa ce ke zuba ajiya, gangara ce ke fasa asusun. In taragon ya sake fuskantar wani tudu, gudun ya ragu, ajiya ta ƙaru. Ya gangaro, ta sake komawa gudu. Haka ake ta juyawa har ƙarshen layi.

Amma a kowane juyi ana cire kamasho. Ƙafafun taragon na gogayya da dogo, iska na tokare ƙirjinsa, wani abu na tafiya a zafi, wani a ƙara. Saboda haka a jirgin da sarƙa ke ja sau ɗaya kawai, ba za a taɓa samun tudu na biyu ya kai na farko tsawo ba. In mai ƙira ya yi kuskure ya ɗaga shi da yawa, taragon zai hau rabi, ya koma da baya, ya yi ta lilo a kwari har ya tsaya.

Yanzu ku ɗauki fensir. Abin da aka saki daga sama, in iska ba ta tare shi ba, gudunsa na ƙaruwa da kusan kilomita 35 a awa cikin kowace daƙiƙa. Bayan daƙiƙa ɗaya yana gudun 35, ya sauko kusan mita 5. Bayan biyu yana gudun 70, ya sauko kusan mita 20. Bayan uku yana gudun 105, ya sauko kusan mita 44. Ku lura da abin mamakin da ke nan: daga mita 5 zuwa mita 20 tsawo ya ninka sau huɗu, amma gudu sau biyu kawai ya ninka. Wanda ke son ninka gudun jirginsa dole ya gina tudu mai tsawo ninki huɗu, kuma wannan ne ya sa kowane ƙarin gudu yake cin maƙudan kuɗi. In aka ci gaba da lissafin zuwa mita 55, gudun zai kai kusan 118. Oblivion kuwa 109 yake yi. Taran da ta ɓace, ita ce kamashon.

Wani zai tambaya: to in an cika taragon da ƙarti, ba zai fi saurin faɗuwa ba? Jan ƙasa bai san mai ƙiba da siriri ba. Galileo, masanin ƙasar Italiya, ya nuna haka shekaru ɗari huɗu da suka wuce: dutse babba da ƙarami tare suke isa ƙasa. Abin da ke sa gashin kaza ya yi jinkiri iska ce. Bambancin da nauyi ke kawowa a jirgin gangara ta wannan ƙofa yake shigowa, domin iska ta fi iya rage wa tarago marar kowa gudu fiye da cikakke. Wannan ma ku riƙe shi.

Akwai jiragen da ba sa amfani da sarƙa, harba su ake yi daga ƙasa kamar dutse a gwafar danƙo. Formula Rossa, wanda aka buɗe a Abu Dhabi a 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba mahaya tabarau saboda yashi da ƙwari. Shi ma taragonsa ba inji. Bambancin kawai a inda aka zuba ajiyar ne.

Me ya sa hanji ke kaɗawa?

Bahaushe ya riga masana ba wannan yanayi suna. Muna cewa gabana ya faɗi, muna cewa hanjin cikinsa ya kaɗa. A jirgin gangara maganar kusan ba karin magana ba ce, abin da ke faruwa ke nan.

Kuna zaune yanzu a kan benci, kuna jin nauyinku. Abin da kuke ji a zahiri shi ne bencin da ke tokare ku daga ƙasa. Kayan ciki ma haka suke, kowanne na kwance a kan na ƙasa da shi. In kujera da mai ita suka faɗo tare da gudu ɗaya, babu abin da ke tokare wani. Nauyin ya ɗauke, kayan ciki su yi sakayau, jijiyoyi su kai wa ƙwaƙwalwa labarin da ba ta saba ji ba. Wanda ya taɓa shiga lif a dogon bene ya ɗanɗana kaɗan daga ciki a lokacin da ya fara sauka. Haka wanda direba ya haye tudun gada da shi a guje, ko alhajin da jirgin sama ya yi ƙasa da shi farat ɗaya a cikin gajimare. Waɗannan ƙiftawar ido ne. A Oblivion abin yakan ɗan daɗe, har mutum ya ji ya rabu da kujera, kaurin kafaɗa ne kaɗai ke riƙe da shi.

A gindin rami kuma sai a biya bashi. Dogon ya lanƙwasa ya koma sama, jiki kuwa yana son ci gaba da tafiya ƙasa, sai kujera ta tokare shi da ƙarfi. A nan mutum kan ji nauyinsa ya ninka har sau huɗu da rabi. Mai kilo 70 zai ji kamar ya kai 315, kamar an aza masa buhunan masara biyu da rabi a kan cinya. Kai ya yi nauyi, hannu ya ƙi ɗaguwa, jini ya nufi ƙafafu. Ɗan lokaci kaɗan ne, kuma da gangan aka taƙaita shi, domin in ya daɗe jini zai yi wa ƙwaƙwalwa ƙaranci, gani ya dushe, mutum ya suma. Shi ya sa masu ƙira ke faɗaɗa lanƙwasar da ke ƙasan gangara. Faɗuwa ba ta cutar da jiki, yadda aka tare ta shi ne abin lura.

Sauran alamun tun daga layi suke farawa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zuba wani sinadari cikin jini idan an tsorata, sunansa adirenalin. Shi ke sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Jiki bai san an sayi tikiti ba, shirin gudu ko faɗa yake yi. Da aka tsaya lafiya, sinadarin na nan a jini amma abin tsoron ya wuce, sai abin ya koma dariya da surutu da rawar gwiwa. Wannan ne daɗin da ake komawa nema. Jiri kuwa daga cikin kunne yake: akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa a can ciki da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. In labarinsu ya saɓa da na ido, zuciya ta tashi, kamar yadda wasu ke yi a doguwar tafiyar mota.

Daga ƙanƙara zuwa ƙarfe

Asalin wasan daga Rasha ne. Tun a ƙarni na 17 ake kafa dogayen tudun katako a can, a zuba ruwa ya daskare, mutane su riƙa sulalowa. Faransawa suka ɗauka, da yake ba su da sanyi irin na Rasha sai suka sa wa taragon ƙafafu. A 1817 an riga an buɗe irinsu a birnin Paris. Har yau da Faransanci duwatsun Rasha ake kiran jirgin gangara. Su kuwa Rashawa duwatsun Amurka suke ce masa. Kowa ya jingina haukan ga maƙwabci.

A Amurka ta hanyar aiki ya shigo. A 1827 aka shimfiɗa wani dogo a Mauch Chunk, cikin jihar Pennsylvania, don gangaro da kwal daga kan dutse. Taragai na sauka da kansu, alfadarai su jawo su sama fanko. Su ma alfadaran a tarago suke sauka. Daga baya mutane suka fara biya don a gangaro da su. A 1884 LaMarcus Thompson ya gina na wasa zalla a Coney Island da ke New York, ana shiga da santi biyar, yana gudun kusan kilomita 10 a awa, gudun da yaro a kan keke zai wuce shi.

Abin da ya buɗe ƙofar gangara mai tsanani ƙafa ce. A 1919 John Miller ya yi rajistar dabarar sa wasu ƙafafu a ƙarƙashin dogo. Tun daga nan taragon yake da ƙafafu kashi uku: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana shi zamewa a kwana, na ƙasa masu hana shi tashi. Dogon a cafke yake ta kowane ɓangare, kamar sanda a cikin dunƙulen hannu. Da wannan, da kuma dogon bututun ƙarfe da aka fara amfani da shi a Disneyland a 1959, aka kai matsayin da bango ma ba iyaka ba ne. Takabisha, wanda aka buɗe a Fuji-Q Highland ta Japan a 2011, gangararsa digiri 121 ce. Ku ɗauki tulu, ku bi cikinsa da yatsa daga inda ya fi faɗi zuwa gindi: haka dogon ke shigewa ciki, ƙarƙashin inda ya taso.

Abin da ke riƙe da rai

Mu koma kan ƙarar nan, kas-kas-kas. A gefen sarƙa akwai jerin haƙoran ƙarfe kamar na zarto, a ƙasan taragon kuma akwai wani harshe da ke tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Gaba yake iya tafiya, baya ba hanya. In sarƙa ta tsinke ko wuta ta ɗauke, harshen ya maƙale a haƙorin da yake, taragon ya tsaya. Ƙarar da ta fi tayar wa sabon mahayi hankali, ita ce ƙarar abin da ke tsaronsa.

Birki ma a jikin dogo yake, ba a tarago ba. Yawancin na zamani maganaɗisu ne: wani faifan ƙarfe ya ratsa tsakanin maganaɗisai, su rage masa gudu ba tare da an taɓa juna ba. Ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma iya gudun taragon iya ƙarfin riƙon. Birki mai matsewa kuwa an ƙera shi ta yadda a rufe yake zama, sai an sa ƙarfi yake buɗewa. Sannan an yanka layin gida-gida, kwamfuta na lura da kowane gida, kuma ƙa'idar ita ce tarago biyu ba sa haɗuwa a gida ɗaya. In na gaba bai fita ba, na baya ba ya shiga.

Wannan ƙa'ida ce aka karya a Alton Towers ɗin dai, ranar 2 ga Yuni, 2015, a kan wani jirgi mai suna The Smiler. An saki tarago fanko don gwaji, ana iska mai ƙarfi, ya kasa haye wani tudu ya tsaya a kwari. Kwamfuta ta gane, ta tsayar da taragon da ke biye, mai ɗauke da mutum goma sha shida. Ma'aikata suka ɗauka na'urar ce ta rikice, suka soke umarninta da hannu. Taragon ya je ya daki wanda ke tsaye. Mutane da dama suka ji mummunan rauni, 'yan mata biyu kowacce ta rasa ƙafa ɗaya. Kamfanin da ke da wurin, Merlin, ya amsa laifi a kotu, aka ci shi tarar fam miliyan 5 a 2016. Kotu ba ta tsaya a kan ma'aikatan da suka danna maɓalli ba, ta ɗora nauyin a kan kamfanin da bai tsara musu yadda za su yi a irin wannan hali ba. Ƙarfe bai karye ba a ranar, na'ura ma ba ta yi ƙarya ba.

Akwai kuma rabon mahayi. A ƙofar Oblivion akwai ma'auni, wanda bai kai mita 1.4 ba ba ya shiga, ko da shekarunsa nawa, domin kaurin ba zai kama jikinsa daidai ba. Uban da ya cusa wa ɗansa takarda a takalmi don ya cika ma'auni ba gata ya yi masa ba. Alluna na gargaɗin mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Mai hawan jini ma ya kamata ya ji ta bakin likita tukuna. Wanda ya karanta abin da muka faɗa game da nauyi ninki huɗu da rabi ya san dalili. Hula, waya, makullai da carbi a ajiye su a ƙasa. Waya da ta suɓuce a gudun kilomita 100 jifa ce ga na baya. Babbar riga ko mayafi mai ja a naɗe su da kyau, a tambayi ma'aikaci kafin a zauna.

Aikin aji

1. Ku samo igiya mai tsawon mita biyu, ku ɗaura mata ƙaramin dutse, ku rataye ta a reshe. Mutum ɗaya ya ja dutsen har kusa da haɓarsa, ya sake shi ba tare da turawa ba, ya tsaya cik. Dutsen ya dawo ya taɓa shi? Ku bayyana dalili da kalmomin ajiya da kamasho.

2. Mai nauyin kilo 60 ya hau Oblivion. Nauyin kilo nawa zai ji a gindin rami?

3. Wani jirgi gangararsa mita 20 ce. Mai wurin yana son gudun ya ninka sau biyu. Mita nawa zai mai da ita, in ba a lissafa iska ba?

4. Me ya sa tarago fanko ne ya maƙale a The Smiler? Ku nemo jimlar da ta amsa wannan a sashen "Ina injin yake?".

5. Ku rubuta layi takwas a kan wata rana da gabanku ya faɗi a mota, ko a kan babur, ko a kwale-kwale. Ku raba abin da jikinku ya ji da abin da ya faru a zahiri, ku karanta wa na kusa da ku.